"Mi Kinka Sha?" Tarihin Ƙwayar Neman Haihuwa da Daren da Yayata Ta Kusa Shiga Tiyata

  Kamar kullum, ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara da kuma masu cewa sun fi gane karatu. Na ɗan gyara wasu wurare, amma yawanci yadda na faɗa haka na rubuta.

Yau ba tarihin sarakuna za mu yi ba. Tarihin wata 'yar ƙwaya ce fara, wadda ba ta kai farcen ɗan yatsa girma ba, sunanta Clomid. Idan ke matar aure ce, ko kina da yaya ko ƙawa da ta yi shekara biyu uku ba ta samu rabo ba, da wuya a ce ba ki taɓa jin sunan nan ba. Sai da na nemi izinin yayata kafin in kawo labarinta. Ta ce in faɗa, amma kar in kama suna. To, Yaya, ga shi na cika alkawari.

Abin ya faru ne a gidanta a Gidan Dahala, lokacin zafi, irin zafin Sakkwato da kowa ke kwana a tsakar gida. Shekararta huɗu da aure ba ko ɓatan wata. An yi mata amarya, kafin shekara ta zagayo amarya ta haihu. Ina gidan na je mata kwana biyu. Wajen ƙarfe 1 na dare na ji tana kiran sunana da wata murya da ban san ta da ita ba. Na same ta a dunƙule ta riƙe mara, ta yi amai, cikinta ya yi tsiri kamar mai cikin wata huɗu. Maƙwabci ne ya fito da mota. Ni da mijinta da surukarta muka kai ta asibiti, sashen gaggawa.

Likitar da ke aikin dare mace ce, ba babba ba. Ta taɓa cikin a hankali, ta dube ta, ta ce, "Baiwar Allah, mi kinka sha?"

Yaya ta ce, "Ban sha komi ba, likita. Sai maganin ciwon kai."

Ni kuwa ina tsaye da jakarta a kafaɗata, na san abin da ke cikin jakar, domin ni ce ake aika kemis in sayo.

Aka yi gwajin fitsari, ya nuna ciki. Surukarta ta ɗaga hannu ta fara hamdala. Aka yi hoton ciki, sikanin, sai ga mahaifa wayam ba komai, ga kuma ruwa ya taru a cikin ciki. Likita ta ce wa mijin: gwaji ya nuna ciki, mahaifa babu kowa, ga ciwo ga ruwa, abin da ake fara tsoro shi ne cikin ya zauna a bututu ya fashe, kuma idan haka ne a daren nan za a shiga tiyata. Amma ta ce akwai abin da ta gani a hoton da bai zauna mata ba.

Mu tsaya a nan tukuna. Kafin in faɗa muku yadda aka ƙare, sai kun san abin da likitar nan ta sani wanda mu ba mu sani ba. Shi kuwa wannan ilimi ya fi shekara 200 ana tara shi.

Mu koma 1809. Mu 'yan Sakkwato mun san shekarar nan, domin a cikinta ne Muhammadu Bello ya kafa garinmu. A ƙarshen wannan shekarar dai, can a jihar Kentucky ta Amurka, akwai wata mata mai suna Jane Todd Crawford, mai shekara arba'in da 'yan kai. Cikinta ya yi girma, ita da likitocin ƙauyensu duk sun ɗauka tagwaye ne. Lokacin haihuwa ya zo ya wuce, ga ciwo kamar naƙuda, ba haihuwa. Aka ɗauko wani likita daga garin Danville, Ephraim McDowell. Ya duba ta, ya faɗa mata magana mai ɗaci: wannan ba ciki ba ne, ƙari ne ya fito mata a gidan ƙwai. Ya ƙara da cewa bai taɓa ganin an cire irinsa ba, kuma a sanin likitocin zamanin, buɗe cikin mutum daidai yake da kashe shi. Amma in ta yarda, ta same shi a Danville ya gwada.

Matar nan ta hau doki da wannan cikin, a tsakiyar hunturu, ta yi tafiyar mil 60. Ku ƙiyasta daga nan zuwa Argungu. Ranar 25 ga Disamba 1809 ya yi mata aikin a gidansa, idonta biyu, domin sai daga 1846 ne sa wa mutum maganin barci a tiyata ya fara yaɗuwa. Minti 25 aka yi. Abin da ya ciro ya kai kilo 10. Bayan kwana biyar ya shigo ya tarar tana gyara shimfiɗarta, bayan kwana 25 ta koma gida, kuma ta rayu har 1842.

Abin da ya fi tsaya mini a labarin nan shi ne yadda aka fara shi. Mace tana murnar tagwaye, likita ya ce mata ba ciki ba ne, bai ɓoye mata cewa tana iya mutuwa ba, ita kuma ta ji ta yanke wa kanta shawara. Ba na ce mutumin waliyyi ba ne. Matan da ya yi wa irin aikin bayan ita, da yawansu bayi ne baƙaƙen fata, waɗanda ba su da bakin cewa a'a. Wannan ma tarihi ne, kuma ya kamata a faɗa.

To mene ne ma gidan ƙwan nan? Kowace mace tana da biyu, dama da hagu, kowanne bai wuce girman dabino mai kyau ba. Duk wata, wani ɗan ƙullin ruwa yakan taso a jikin ɗaya, da ƙwai a cikinsa. Idan ya kai kamar santimita 2 sai ya fashe ya saki ƙwan, bututu ya ɗauke shi zuwa mahaifa. Kenan ƙullin ruwa a gidan ƙwai, wanda za ku ji ana ce masa "sis" a asibiti, ba kullum ne cuta ba. Da yawa sukan fito su baje da kansu cikin wata biyu uku. Wanda ke ba da umarnin duk wannan aiki kuwa ƙwaƙwalwa ce, ta hanyar wasu sinadarai da take aikawa cikin jini. A wasu matan umarnin ba ya tafiya daidai: ƙulle-ƙulle ƙanana su taru da yawa, babu wanda ya nuna balle ya fashe, al'ada ta riƙa tsallake watanni. Likitoci biyu a Chicago, Irving Stein da Michael Leventhal, su suka bayyana wannan a 1935 bayan sun duba mata bakwai. Maganinsu a lokacin shi ne a buɗe ciki a yanke wani yanki na gidan ƙwan.

Sai 1956. A birnin Cincinnati, wani masanin haɗa magunguna, Frank Palopoli, shi da abokan aikinsa a kamfanin Merrell suka haɗa wani sinadari. Ku ji abin dariya: da aka gwada shi a kan ɓeraye, hana su haihuwa ya yi, har aka fara tunanin an samo maganin tsarin iyali. Da aka zo kan mutane sai ya yi akasin haka. A 1961 likita Robert Greenblatt na jihar Georgia ya buga rahoton cewa matan da ba sa sakin ƙwai sun fara saki bayan sun sha shi. A 1967 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a sayar da shi da sunan Clomid.

Yadda yake aiki wayo ne kawai. Yana toshe wa ƙwaƙwalwa kunne, ta kasa jin sinadarin mata da ke yawo a jini. Sai ta zaci gidan ƙwai ya yi barci, ta ƙara ƙarfin umarni. Ga matar da umarninta ya yi rauni, wannan rahama ce. Amma ku yi tunanin wadda dama nata lafiya lau yake, ko wadda ta ninka ƙwayar sau uku. Ana ta yi wa gidan ƙwai tsawa, maimakon ƙulli ɗaya sai biyar ko goma su taso lokaci guda.

Bari in ɗan ratse, domin kamfanin nan na Merrell yana da nasa labarin ɓoye gaskiya. Shi ne ya nemi shigar da talidomaid kasuwar Amurka, maganin nan da ya sa aka haifi dubban jarirai a Turai da nakasar hannu da ƙafa, wata ma'aikaciyar hukumar magunguna, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu. Shi ne kuma ya sayar da wani maganin rage kitsen jini, MER/29, wanda aka janye a 1962 bayan ya jawo wa mutane yanar ido, daga baya aka gano an yi coge a sakamakon gwajinsa. A 1962 ɗin Amurka ta tsaurara dokar magunguna. Don haka lokacin da Clomid ya fito, ya fito ne da doguwar takarda, wadda aka rubuta daga abin da ya samu mata sama da 8,000 da aka gwada shi a kansu.

Takardar nan da muke yagewa mu jefar, na zauna na karanta ta bayan abin da ya samu Yaya, kuma wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Kusan 14 cikin 100 na matan gwajin gidan ƙwansu ya kumbura. Kusan 8 cikin 100 na cikin da aka samu ya zo da fiye da ɗa ɗaya. An ce a fara da ƙwaya ɗaya mai miligiram 50, kwana biyar kawai a wata. Kar a wuce biyu a rana. Kar a wuce kamar wata shida gaba ɗaya. A duba mace kafin kowane zagaye, in an ga kumburi a dakata sai ya sauka. Mai ciki ba ta sha, mai ciwon hanta ba ta sha, mai zubar jinin da ba a san dalilinsa ba ba ta sha, wadda ke da ƙulli a gidan ƙwai wanda ba irin na su Stein ba ita ma ba ta sha. In ido ya fara ganin dishi-dishi ko walƙiya, a tsaya. Akwai kuma layi biyu da aka rubuta don likita: gidan ƙwan da ya kumbura da maganin nan ba shi da ƙwari, a taɓa cikin a hankali kar a fasa shi, sannan yawanci yakan sauka da kansa cikin kwanaki ko makonni in an daina shan maganin, ba sai an yanka ba. Ku riƙe waɗannan layuka biyu. Likitan da bai san kin sha ba, ta yaya zai yi aiki da su?

Yaya kuwa uku take sha a rana, wata na bakwai kenan a jere, ba wanda ya taɓa ɗora mata na'urar hoto.

Ita ƙwaya kenan. Akwai kuma allura, labarinta ma ya fi ban mamaki. A 1949 wani masani a kamfanin Serono da ke birnin Rum, Piero Donini, ya tace sinadarin umarnin nan daga fitsarin matan da suka daina al'ada, domin a jikinsu ya fi yawa. Aka sa masa suna Pergonal. Matsalar ita ce ina za a samu fitsari tanki-tanki? Wani matashin likita, Bruno Lunenfeld, ya je ya roƙi shugabannin kamfanin, a cikinsu kuwa akwai Giulio Pacelli, ɗan ɗan'uwan Fafaroma Pius na 12. Ta hanyarsa aka samu izinin tara fitsarin tsofaffin mata masu hidimar coci, waɗanda ba sa aure, a gidajen da suke hutun tsufa. Dalilin zaɓarsu shi ne an tabbata babu mai ciki a cikinsu, domin fitsarin mai ciki ɗaya yana iya ɓata tanki guda. A 1962 aka haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Isra'ila. Ikon Allah, matan da ba su taɓa haihuwa ba su suka zama sanadin haihuwar wasu.

Allura ta fi ƙwaya ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma da ita aka ga ainihin haɗarin. A 1965 wata mata a New Zealand ta haifi 'yan biyar bayan an yi mata irin wannan magani. A Disambar 1998 wata 'yar asalin Najeriya, Nkem Chukwu, ta haifi 'yan takwas a Houston, duk bakwaini, ɗaya ta rasu bayan mako guda. Jaridu suna son irin wannan labari, amma ba su cika ba da na ɗaya ɓangaren ba: matan da gidan ƙwansu ya kumbura ya kai girman lemu ko ya fi, jijiyoyin jini suka fara yoyo, ruwa ya bar jini ya taru a ciki har ma da ƙirji, jini ya yi kauri yana neman daskarewa, fitsari ya ragu, ƙoda ta wahala. An rasa rayuka a haka kafin likitoci su koyi bin mace da hoto da gwajin jini kwana-kwana, su san lokacin da za su ce a tsaya. Sannan gidan ƙwan da ya yi nauyi yana iya murɗewa a kan jijiyarsa, jini ya daina isa gare shi. Alamarsa ciwo mai tsanani farat ɗaya a gefe guda, da amai. Wannan awoyi ake ƙirgawa, in aka makara sai dai a cire shi.

Akwai wata allurar kuma da ake yi bayan ƙwaya don ta sa ƙullin ya fashe. Sinadarin da ke cikinta shi ne dai wanda jikin mai ciki ke fitarwa, wanda tsinken gwajin ciki ke nema a fitsari. Duk wadda aka yi mata ita, gwaji yana iya nuna tana da ciki har kwana goma ko fiye, ko da babu komai. Ina jin kun fara hango inda labarin Yaya ya dosa.

Yanzu mu dawo gida. Neman magani ba baƙon abu ba ne a garin nan, kuma ba abin kunya ba ne. Sarkin Musulmi Bello da kansa ya rubuta littattafai a kan ciwon ido, da basur, da amfanin filasko, kuma da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema a wurin Ingila har da a aiko masa da likita ya zauna a nan. Rashin haihuwa ma tsohon abu ne. A 1949, shekarar da Donini ke tace fitsari a Rum, wata Baturiya Mary Smith tana zaune a ƙasar Zazzau tana rubuta tarihin rayuwar wata tsohuwa, Baba ta Karo, wanda aka buga a 1954. Baba ta yi aure har huɗu ba ta taɓa haihuwa ba, 'ya'yan riƙo ta raina. Abin da matan zamaninta ke da shi saiƙe-saiƙe ne, da rubutu, da bori, da kuma wuƙa. Yankan gishiri, wanda ungozoma ko wanzami ke yi a gaban mace, ana yinsa ne don doguwar naƙuda, ana kuma yinsa don rashin haihuwa da ɗaukewar al'ada. Wani bincike da aka buga a 1983 a kan mata 1,443 masu yoyon fitsari a asibitin koyarwa na Zariya ya nuna 13 cikin 100 yankan gishiri ne sanadinsu. Garin neman ƙiba aka samo rama.

A ganina Clomid ɗin kemis jikan yankan gishiri ne. Matsi ɗaya ne ke kai mace ga duka biyun, kuma duka a ɓoye ake yi. Ƙwayar ta ƙetaro teku ta iso mana, amma hoton ciki da awo da ƙa'idar wata shida ba su biyo ta cikin kwalin ba. A doka sai da takardar likita ake sayar da ita. A zahiri, ni ɗin nan na saye ta sau bakwai ba wanda ya tambaye ni ko ina da aure. Yanzu har a WhatsApp da TikTok ana tallarta da sunan maganin tagwaye.

Abin takaicin ma, matan da yawa ba maganinsu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wani babban bincike a ƙasashe 25, aka buga shi a 1985, aka ga cewa a Afirka kusan rabin matan da suka je neman haihuwa bututunsu biyu ne a toshe, galibi sanadin ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba, ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari. Wadda hanyarta ke toshe, ko ƙwai ashirin ta saki ina za su bi? Haka in matsalar daga maigida take. Kuma ku daina cewa ai ya haihu da amarya, don haka shi lafiya lau. Yana iya zama gaskiya, amma gwajin namiji shi ne mafi sauƙi da araha a duk gwaje-gwajen nan, kuma likitoci da shi suke son farawa. A 2023 hukumar ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, maza da mata.

To me ya sa muke ɓoyewa? Na sha jin ma'aikatan lafiya na cewa jahilci ne. Ban yarda ba. Yaya ta yi karatu har ta koyar. Ta ɓoye ne domin matar da ke tsaye a kanta ita ce ta taɓa cewa a gaban mutane an kawo mata mai cika masai. Ta ɓoye domin mijinta ya ce a bar wa Allah, ita kuma ta sayar da 'yan kunnenta ta sayi magani bai sani ba. An raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sannan mu faɗi gaskiya, akwai ma'aikatan da in ka ce ka sha wani abu sai sun tara maka jama'a da faɗa, "wa ya aike ki?", a ɗakin da mutum goma ke jira ba ko labule. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, gobe ba zai faɗa ba.

Likitar daren nan ba ta yi faɗa ba. Ta juya wurin surukar ta ce, "Hajiya, don Allah ku ɗan ba mu wuri, zan sake duba ta." Ta ba mijin takarda ta ce ya je a gwada jininsa ko za a buƙaci ƙari. Ni ma na juya zan fita, Yaya ta riƙe mini mayafi. Likita ta ja labule, ta jawo kujera ta zauna, ta juyo da fuskar na'urar wajenmu.

Ta ce, "Yaya, dubi nan. Wagga dama ta, wagga hagu. Kowace ta kai santimita tara, cike da ƙulle-ƙulle. Cikin bututu bai yin haka. Magani ka yin haka. Ni ba alƙali ba ce, kuma abin da kinka hwaɗa min nan zai tsaya. Amma in ban sani ba, dole in ɗauka cikin bututu na, in kai ki tiyata."

Yaya ta yi shiru, hawaye na bin kunnenta. Sai ta dube ni ta ce, "Auta, buɗe jakar."

Na zazzage a kan gado. Fankon kwalaye, da wata 'yar kwalbar allura da aka yi mata a kemis kwana shida da suka wuce, da ƙullin garin magani na wata mai kayan mata. Likita ta ɗauki kwalbar ta karanta, ta sauke ajiyar zuciya. Ta yi tambayoyi dalla-dalla: guda nawa a rana, tun wane wata, yaushe ne jinin ƙarshe, fitsari ya ragu ko bai ragu ba, numfashi fa. Har garin maganin ta ce a bar mata, duk da ta ce ba ta san abin da ke ciki ba, mai sayarwar ma ƙila ba ta sani ba.

Ba a yi tiyata ba. An kwantar da ita kwana biyar, ana ƙarin ruwa, ana auna fitsarinta a roba, ana auna faɗin cikinta da tef kullum safe, an yi mata allurar hana daskarewar jini, an hana ta motsi mai ƙarfi saboda tsoron murɗewa. An maimaita gwajin ciki na jini bayan kwana biyu, aka ga sinadarin sauka yake yi. Babu ciki, allurar ce. Likita ta ce da ma akwai cikin, da kumburin ya fi haka tsanani kuma ya fi daɗewa. Abin da aka faɗa wa surukar shi ne gidan ƙwai ne ya kumbura kuma gwajin farko bai yi daidai ba, wanda duk gaskiya ne. Mijin kuwa Yaya ce ta faɗa masa da bakinta a rana ta uku. Ya yi fushi na yini ɗaya, yawancin fushin ma a kaina ya sauka, kuma na cancanta.

Sai da aka yi mako shida kafin hoto ya nuna komai ya koma daidai. Daga nan aka fara abin da ya kamata a fara da shi tun shekara uku baya, a asibitin mata: hoton bututu, gwajin jini, da gwajin maigida, wanda sai da aka kai ruwa rana kafin ya yarda. Bututu ɗaya a buɗe yake, ɗaya a toshe. Tana kuma da irin matsalar da su Stein suka bayyana. Likitanta na yanzu ya ce Clomid ta sha rabonta na duniya, ya sauya mata zuwa letrozol, maganin da asalinsa na kansar mama ne. Wani gwaji da aka yi a Amurka a kan mata 750 masu irin matsalarta, aka buga a 2014, ya nuna kusan 28 cikin 100 sun haihu da shi, a kan 19 cikin 100 da Clomid. Shi ma ba na kemis ba ne, kar wata ta ji suna ta tafi saye. Kwana biyar take sha, ta je a yi hoto a ga ƙulli nawa ya taso, sannan a ce mata ga abin da za a yi.

Na san wasunku na jira in ce ta haifi tagwaye. Ba ta haihu ba tukuna, zagaye na uku take ciki, ku sa ta a addu'a. Ranar Talatar da ta wuce na raka ta. Tana da wani ɗan littafi yanzu da take rubuta ranar jini da duk abin da ta sha. Da likita ya tambaye ta ko akwai wani abu bayan nasa, ta buɗe ta karanta masa har da jiƙon da Innarmu ta aiko mata daga ƙauye. Ya tambayi ko mene ne a ciki, ta ce ba ta sani ba, ya ce to ta ajiye shi tukuna, ta kawo masa ya gani ran Talata mai zuwa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.